Abin da Ka Zuba a Ruwa, Shi Za Ka Tarar a Akushi

Yau zan ba ka labarin wani kuskure da na tafka da hannuna, a cikin gidanmu, a kan mahaifina. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi, domin wadda ta saba ba mutane shawara kan abinci ba ta son a ji ita ma ta yi tuntuɓe a inda take gargaɗin wasu. Amma tambayoyi sun yawaita kan shukar faranti da ake yayi yanzu, da takin ruwan da ake sayarwa dominta, har na ga cewa ci gaba da yin shiru rowa ce.

Shekara biyu ke nan da likita ya shaida mana cewa ƙodar Baba ta fara gajiya. Hawan jini ne ya daɗe yana cin ta a ɓoye. Ba a kai ga wankin ƙoda ba, amma an ɗora shi kan magunguna, aka rage masa gishiri da dunƙulen miya. Daga nan abinci ya fita ransa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gona, wanda ba ya tashi sai ya ga bayan malmala biyu, ya koma yana juya cokali a kwano yana kallon bango. Na so in ba shi ganye sabo mai ɗanɗano, amma ina tsoron na kasuwa, don na san wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ba su. Wannan tsoron ne ya kai ni ga abin da nake kira jariran ganye.

Idan ba ka san su ba, ga yadda suke. Ana barbaɗa iri da kauri a kan faranti mara zurfi, a rufe shi kwana biyu zuwa huɗu har ya tsaga, sannan a buɗe a kai shi wurin haske. Da zarar kunnuwa biyu na farko sun buɗe, ko ganyen gaskiya na farko ya leƙo, sai a sa almakashi a yanke daga sama da saiwa. Yawanci tsakanin kwana 7 da 21 an gama. Ana yin su da alayyahu, kabeji, hulba, radis, koren waken da ake kira fis, irin sanfulawa da makamantansu. Ba dole sai da ƙasa ba: ana iya shimfiɗa zaren ɓawon kwakwa, ko tsabtataccen ƙyallen algarara, ko auduga, saiwa ta kama a kai tana shan ruwa daga ƙasa. A shekarar 2012 masu bincike na Jami'ar Maryland da Ma'aikatar Gona ta Amurka sun auna iri 25 na waɗannan ganyaye, suka tarar galibinsu sun fi manyan ganyen irinsu yawan bitamin, nauyi da nauyi. Jan kabeji ne ya zo gaba a bitamin C, wani jan alayyahu kuma ya zo gaba a bitamin K. Ka riƙe wannan zance na alayyahu, za mu komo gare shi.

Farantina na farko ruwan famfo kawai ya sha. Cikin kwana goma na yanka radis mai ɗan yaji na barbaɗa wa Baba a kan faten dankali. Ya ɗanɗana, ya dube ni ya ce, "Uwata, wannan kuma daga wace fadama?" Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na nuna masa bakin taga. Ranar ya cinye abincinsa tas, kuma daga ranar ya sami abin yi: kullum da hantsi sai ya jawo kujera ya zauna gaban farantan yana duba su kamar yadda yake zaga gonarsa a da.

Da na tsaya nan da lafiya lau. Amma zuciyar mai jinya ba ta san "ya isa" ba. Na ce a raina, tunda ruwa zalla ya ba da wannan, ina ga an sa taki? Akwai ragowar kamfa a zaure, na ɗebi ɗan kaɗan na jiƙa a roba na shayar da faranti biyu. Kafin kwana biyu bakin ganyen ya ƙone, saiwa ta yi ruwan ƙasa, shukar ta kwanta. Baba ya girgiza kai ya ce, "Ke kin taɓa ganin an ba jinjiri tuwo?" Na yi dariya, amma ban ɗauki darasin ba. Abin da na fahimta kawai shi ne na yi amfani da takin da bai dace ba, kuma gaskiya ne: kamfa da yuriya don ƙasa aka yi su. Ƙwayar kamfa ba ta narkewa duka, ba ta kuma ɗauke da dukkan abin da shuka ke nema, yuriya kuwa sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin ta yi wa shuka amfani sosai. A faranti mara ƙasa, gishirinsu kawai ke taruwa a gindin saiwa ya zuƙe mata ruwa.

Sai na sayo takin da aka yi musamman don noman ruwa, kwalba biyu, ɗaya an rubuta A, ɗaya B. Na bi ma'aunin da ke jikin kwalbar daidai, ban rage ba, kuma na fara bayarwa tun ranar da na buɗe faranti har ranar yanka. Wannan karon abin ya yi kyau a ido. Ganye ya yi kore shar, ya yi tsawo, ya yi kauri. Na ƙara yawan farantai. Na daina barbaɗawa kaɗan a kan abinci, na koma ina cika hannu biyu in markaɗa da ayaba da lemo da dabino, in ba Baba kofi guda safe da yamma. Ina ganin na gano sirrin lafiya.

Bayan wata biyu muka koma asibiti gwajin jini. Likitan ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ɗago. Ya ce sinadarin fotasiyam na jinin Baba ya haura inda ake so. A jikin mai lafiya yakan tsaya tsakanin 3.5 da 5.0, ƙoda ce kuma ke fitar da rarar ta fitsari. Idan ƙoda ta gaza, sai ya taru, kuma sau da yawa ba ya ba da wata alama sai dai kasala ko nauyin gaɓoɓi, har ya kai ga rikita bugun zuciya, wani lokaci ya tsayar da ita. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama, me ya sauya a abincinsa?" Na lissafa masa komai, murya na rawa. Ya yi mini adalci, bai ɗora laifin kan ganyen kaɗai ba. Ya ce ayaba da lemo da dabino duk suna da fotasiyam mai yawa, kuma ɗaya daga cikin magungunan hawan jinin Baba yana sa jiki ya riƙe shi, kamar yadda lisinopril da losartan da spironolactone ke yi. Amma da na ambaci takin, sai ya ce in karanta masa abin da ke jikin kwalbar. Ina da hotonta a waya. Na karanta, na ji bakina ya furta kalmar fotasiyam a sahun farko. A hanyar komawa gida ban iya cewa uffan ba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Daga ranar na zauna na nemi sanin abin da ya kamata in sani tun farko, shi ne kuma nake so in miƙa maka.

Ƙwayar iri da guzurinta take zuwa duniya. Abincin da zai ɗauki tsiro kwanakinsa na farko yana cikinta, shi ya sa wake ke tsirowa a kan jiƙaƙƙiyar auduga ba tare da an ba shi komai ba. Iri mai girma, kamar fis da sanfulawa, guzurinsa ya ishe shi har ranar yanka. Mai saurin fitowa, kamar radis da ake yankewa cikin kwana 7 zuwa 10, shi ma ba ya jiran taki. Wanda aka shuka a kan ƙasar tukwane mai kyau kuwa yana da abinci a ƙarƙashinsa. Inda taki ke da gurbi shi ne iri ƙanana masu jinkiri, kamar ɗoɗɗoya da karas da kusbara, waɗanda kan kai mako uku, idan an shuka su a kan shimfiɗar da ba ta da abinci ko kaɗan. Su ne za ka ga sun tsaya cik, sun fara yin rawaya alhali suna samun haske.

Shi wannan takin ruwa ba don jarirai aka tsara shi ba. A Jami'ar Kaliforniya ne William Gericke ya yayata noman da ba ƙasa a shekarun 1930, a can ne kuma Dennis Hoagland da Daniel Arnon suka wallafa sanannen haɗinsu a 1938. Manufar ita ce a ciyar da shuka kamar tumatir tun tana ƙarama har ta yi 'ya'ya, watanni tana cikin ruwa ba ta da wani abinci. Don haka aka haɗa mata komai: naitirojin, fosfaras, fotasiyam, kalsiyam, maganiziyam, salfa, da ƙananan sinadarai irin su ƙarfe da zinki. Ma'aunin da ke jikin yawancin kwalabe na babbar shuka ne. Ba da shi ga tsiron kwana biyar daidai yake da tuwon da Baba ya ambata.

Idan gidanka babu mai ciwon da ya hana, kuma irin da ka shuka yana cikin masu buƙata, to ga ƙa'idar da nake bi. Kada ka sa taki sai kunnuwan farko sun buɗe. Fara da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta: idan kwalba ta ce mililita 4 a lita ɗaya, kai sa 1, ka auna da sirinji, kada ka kintata da ido. Zuba A a cikin ruwan ka motsa, sannan ka zuba B. Kada ka haɗa su suna da kauri, domin kalsiyam da ke ɗaya zai kama fosfet da salfet da ke ɗayar, su zama farin gari a gindin roba, shuka ba ta amfana da su ba. Shuka ta fi jan abinci idan tsamin ruwan, wato abin da ake kira pH, yana tsakanin 5.5 da 6.5, kuma akwai 'yar takardar gwaji mai araha da ke nuna shi. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi ya riga ya zo da nasa gishirin, sai a ƙara sassauta taki. Shayar daga ƙasan faranti, kada ka yayyafa a kan ganyen da za a ci. Kwana biyu ko uku kafin yanka ka koma ruwa zalla. Wanda ya rage a roba kada ya kwana biyu a rana, gansakuka za ta kama shi. Su kuwa kwalaben, a ɗaga su sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kada a taɓa juye su a gorar lemo ko ta ruwan sha.

Yanzu ga abin da ya fi shafar wannan fili namu. Shuka ba ta da ƙoshi irin namu. Idan fotasiyam ya yawaita a ruwa, takan ja fiye da buƙatarta ta ajiye a ganye. Kuma waɗannan ganyaye ɗanye ake cin su. Ka tuna yadda iyayenmu ke yi da zogale da rama: a tafasa, a tsiyaye ruwan, sannan a kwaɗanta. Wannan tsiyayewa tana tafiya da wani kaso na fotasiyam, shi ya sa masana abinci ke ba masu ciwon ƙoda shawarar yin haka. Ni kuwa na markaɗa komai na ɗura wa Baba, ko ɗigo bai zube ba.

Na biyu shi ne naitiret, siffar da naitirojin ke zuwa da ita a yawancin takin ruwa. Shuka na buƙatar haske kafin ta mayar da shi abin gina jikinta. Idan taki ya yi yawa, haske kuma ya yi kaɗan, kamar yadda yake a bakin tagar ɗaki, sai ya taru a ganye da kara. Koren nan mai duhu da ya burge ni, alamar yawan naitirojin ce. Babba mai lafiya da ke cin ɗan kaɗan ba shi da abin tsoro, amma jarirai 'yan ƙasa da wata shida naitiret kan hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata, har leɓɓansu su yi shuɗi. Saboda su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai ne abincinsa, kada a ɗiga masa ruwan ganye da sunan ƙarin lafiya.

Na uku, bitamin K ɗin nan na alayyahu. Alheri ne ga yawancin mutane, amma mai shan warfarin don hana jini daskarewa, bitamin K yana rage wa maganin ƙarfi. Ba a ce ya daina cin ganye ba. Abin da ake so shi ne ya ci daidai gwargwado kullum, kada yau babu gobe cike da kwano, kuma ya sanar da likitansa kafin ya ƙaro sabon abu.

Akwai abin farin ciki a cikin wannan ilimi. Tunda abin da ke ruwa shi ke hawa ganye, ana iya juya akalar. A 2018 masu bincike a Jami'ar Bari ta Italiya sun nuna cewa idan aka rage fotasiyam a ruwan shuka, ko aka cire shi, ana samun jariran ganye masu ƙarancinsa domin masu ciwon ƙoda. Sai dai su suna da ɗakin gwajin da ke auna abin da ke cikin ganye, ni da kai kuwa ba mu da shi. Abin da ke hannunmu shi ne ruwa zalla, da ɗan kaɗan a kwano, da gwajin jini a kan lokaci.

Kada kuma gudun takin kwalba ya kai ka ga kashin kaji ko na shanu da aka jiƙa. A gona suna da watanni su ruɓe, a faranti kuwa tazarar taki da bakinka ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ɗumi da danshin da tsiro ke so, su ne ƙwayoyin cuta ke so. A 2011 wata annobar E. coli ta ɓarke a arewacin Jamus, ta kwantar da mutum kusan 4,000, ta kashe fiye da 50, ta lalata ƙodar ɗaruruwa. Bincike ya kai ga ɗanyen tsiron hulba, ya kuma fi karkata ga irin da aka shigo da shi daga Masar. Wancan tsiro ne da ake ci har da saiwa da ɓawo, haɗarinsa ya fi na jariran ganye da ake yankewa daga sama, amma darasin ɗaya ne: cuta na iya zuwa a jikin iri. A wanke faranti da hannu da almakashi, a bar iska tana ratsawa, farantin da ya yi fumfuna ko wari a zubar da shi duka. Mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da tsoho, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda maganin daji ko wata cuta, gara a jefa musu ganyen a miya mai tafasa kafin a sauke.

Iri ma abin dubawa ne. Wanda ake sayarwa a shagon kayan gona mai launin ja ko ruwan hoda ko kore, magani aka shafa masa don kashe ƙwari da fumfuna, bai halatta ga farantin da za a ci bayan kwana goma ba. Nemi irin da aka tanada don ci. Kuma ba kowane tsiro ake ci ba. Na tumatir da gauta da barkono da dankalin Turawa suna da guba a ganye. Ranar da na yi tunanin gwada dawa, Baba ne ya tare ni, ya ce ya sha ganin gyauron dawa ya kayar da akuya. Gaskiyarsa ce: ƙaramin tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid idan an tauna shi.

Baba yana nan, alhamdu lillahi. An gyara masa magani, an tsara masa abinci, gwajin da ya biyo baya ya dawo daidai. Na daina markaɗen nan. Farantai uku suka rage a bakin taga, ruwa zalla suke sha, kuma abin da yake ci bai wuce abin da yatsu uku za su tsinko ba, da sanin likitansa. Kwalaben A da B suna can saman kabad, sai jefi-jefi nake sauko da su don ɗoɗɗoyar da sauran mutanen gida ke ci, a farantin da na ɗaura wa jan zare don kada a yi kuskure. Baba ne ke shayar da nasa da kansa kowace hantsi, kuma duk sanda ya gan ni da sirinji sai ya ce, "Uwata, a yi a hankali da jinjirai."

Saboda haka, ya kai mai jinya, idan ka ga ana tallar takin da zai ninka maka ganye, tsaya ka tambayi kanka wa zai ci. In mai ciwon ƙoda ne, ko mai shan maganin hawan jini ko na zuciya ko na tsinka jini, ɗauki hoton kwalbar da sunan irin ka kai wa likitansa ko masanin abinci kafin ka buɗe murfin. Minti biyar na tambaya da sun raba ni da waccan doguwar hanyar komawa gida.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, Ya sa abin da muke ciyar da su ya zame musu magani. Sai mun sake saduwa.